Yadda muka bi da ruwan sama da laka a ginin makarantar unguwarmu a Tumfure

Duk wanda ya mallaki fili a gangaren yammacin Gombe, wajen Tumfure da Shongo, kuma yake shirin aza tubali, akwai aikin da ya kamata ya riga fandisho. Sai ya san ta inda ruwan sama ke shigowa filin, da inda zai fita, da abin da zai kwasa ya kai wa mutanen da ke ƙasa da shi. Ni ne sakataren kwamitin da ya gina wa unguwarmu makarantar Islamiyya mai ajujuwa shida, ni aka ɗora wa zirga-zirgar takardu da sa ido a wurin aiki. Na sha ruɗani kafin in gane wane ofis ke da alhakin me, da wanda ake fara zuwa, da abin da ake riƙewa a hannu in za a je. Shi ya sa na rubuta yadda abin ya gudana bi da bi, ko wani zai huta da yawon da na yi.

Mutumin Gombe ba ya buƙatar a yi masa bayanin kwazazzabo. Garin a kwari yake zaune, tudun Akko na yamma da shi, ruwa kuma gabas yake nufa, ya ratsa unguwanni da gudu. Ƙasarmu yashi ce sakwa-sakwa, da zarar ruwa ya sami 'yar hanya sai ya yi ta ci har ta zama rami. Tun da aka ƙirƙiri jihar a 1996 gari ke faɗaɗa, gonakin da a da suke shanye ruwa sun koma rufin kwano da daɓen siminti. Manya ba su manta da ambaliyar Agustan 2004 ba. Kwazazzabon da ya taso daga Jami'ar Jihar Gombe ya bi ta Malam Inna da Kagarawal sai da shirin NEWMAP na Bankin Duniya ya shigo aka ɗaure shi da kankare, na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya kuma, mai tsawon kimanin kilomita 21, wani shirin da Bankin Duniya ke tallafa wa mai suna ACReSAL ne ya ɗauke shi a kan biliyoyin naira. Abin da ke damuna shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan ramuka da ya fara da girmansa. Da yawa daga bakin wata kwata suka faro, ko inda wani ya share fili ya sako ruwa a kan ƙasa tsirara. Ban so a ce makarantar da muka gina don Allah ita ce mafarin wani ba.

A daminar 2023 muka fara, tun babu ko bulo ɗaya a filin. Wani injiniya ɗan unguwa da ya yarda ya taimaka mana ya ce kada in kawo masa wata takarda sai na je na tsaya a filin ana tsakar ruwa. Na yi haka a watan Agusta, da lema da takalmin roba. Abin da ido ba ya gani da rani ya fito fili: ruwa na gangarowa daga filayen da ke sama da mu ta kusurwar arewa maso yamma, ya rabu biyu, rabi ya bi tsakiyar filinmu daidai inda muka yi niyyar sa ajujuwa, rabi ya bi gefen hanya, su haɗu a kusurwar kudu maso gabas, su faɗa layin da ke da gidaje da rijiya. Na kafa turaku a kan hanyoyin ruwan, na ɗauki hotuna da bidiyo a waya. Dattijon da ya noma wurin shekaru da yawa kafin a yanka filaye ya zo ya same ni, ya nuna mini inda yake yin kunya a gicciye, da inda ya bar gamba ba ya nomewa. Ya ce, "Ɗana, wannan layin kada ku tare shi gaba ɗaya. Hanyarsa ce tun kafin a haife ka. Ku lallashe shi ya wuce." Bayanin da ya ba ni bai saɓa wa abin da safiyo ya auna daga baya ba ko kaɗan.

Daga nan sai wurin Jauro. Wasu 'yan kwamiti sun ga kamar ɓata lokaci ne tunda takardar sayen fili na hannunmu, amma ni ina ganin wannan zaman ya fi kowane amfani. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, gini za mu fara, kuma ruwanmu kan mutanen ƙasa zai sauka. Muna so a kira su mu yi magana tun kafin a kawo tifa." Ya tara masu gidajen layin bayan la'asar a ƙofar gidansa. Wata dattijuwa mai rijiyar da rabin layin ke ɗiba ta aiko ɗanta da saƙo cewa ita ba ta ƙin makaranta, amma ta ga yadda wani gini ya taɓa cika mata tsakar gida da jar laka, kuma ruwan rijiyar ya yi makonni ba ya shawuwa. A nan aka yarda da abubuwa uku: ba za mu canza inda ruwa ya saba fita ba, ba za mu zuba yashi ko tsakuwa a kan hanya ba, kuma duk wanda ya ga laka ko ruwan siminti ya fito daga wurinmu ya kira ni kai tsaye. Na rubuta a takarda, Jauro da shaidu suka sa hannu, kowa ya karɓi kwafi. Ban kashe komai ba sai kuɗin goro da na buga takarda.

Sai maganar takardun fili. A Gombe yanzu harkar filaye a hukumar GOGIS take, can ake tantance mallaka a kuma nemi takardar shaida. Na tafi da takardar ciniki, da takardar rajistar ƙungiyarmu, da hotunan fasfo da katin shaida na amintattunmu, da zanen iyakar fili. Abin da ya kamata mai gini a gangare ya roƙa a nan shi ne a duba masa a taswirar shiyyar ko filin ya hau kan hanyar ruwa ko kan inda aka ware don titi da magudana. Namu bai hau ba, amma gefen gabas ya yi kusa da inda aka tsara lambatun titi, wannan ya sa muka ja katanga baya kaɗan. Duk kuɗin da aka ce mu biya ta banki muka biya muka kawo rasit, kuma ina ba kowa shawarar ya yi kwafin kowane rasit kafin ya miƙa. An ɗauki makonni ana bin fayil daga tebur zuwa tebur, ni kuma ina ta ƙirga watannin rani da suka rage mana, hankalina bai kwanta ba sai da na riƙe takarda. A wannan tsakanin ne muka sake kiran safiyo. Yawancin mutane iyaka kawai suke sa a auna musu a dasa duwatsu. Mu mun ƙara masa kuɗi ya auna tudu da gangaren filin, wuri-wuri, ya rubuta a kan zane. Ya nuna cewa daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa akwai bambancin kusan mita biyu, abin da in ka tsaya a filin ba za ka taɓa cewa ya kai haka ba.

Da wannan awo injiniya ya zauna ya yi zane biyu bayan na ginin kansa. Ɗaya na magudanar dindindin, ɗaya na wucin gadi, wato yadda za a riƙe ƙasa da laka tun daga ranar da aka share fili har ranar da aka gama. Na biyun shi ne wanda kusan babu mai yi, kuma shi ne ya fi muhimmanci, don lokacin da fili ya fi zubar da ƙasa shi ne tsakanin sharewa da rufi. Ya yi mini lissafin da ban manta ba: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufinmu zai kai murabba'in mita 400, to in aka yi ruwan milimita 40 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, lita 16,000 ce za ta sauko daga kwano kaɗai, ban da na tsakar fili. Da can ciyawa da ƙasar noma suna shanye kaso mai yawa, yanzu kusan duka zai fita. Ya ƙara da cewa in gudun ruwa ya ninka, ƙarfinsa sau huɗu yake ƙaruwa, shi ya sa lambatun kankare mai santsi da aka sake shi a kan yashi ya fi rashin lambatun ɓarna. Kuɗin zanen bai kai na tifa biyu ta yashi ba, shi ma don ya yi mana rangwame ne saboda aikin makaranta.

Da zanen gini da na magudana da takardun fili da rasitai na nufi hukumar tsara birane ta jiha neman izinin gini. A nan ne na fi ruɗewa da farko, don na zaci maganar ruwa ta ofishin muhalli ce kawai. Ashe masu ba da izinin gini su ma suna duba tazarar gini daga titi da inda ruwan fili zai zuba. Aka buɗe fayil, aka lissafa kuɗi gwargwadon girman ginin da irin amfanin da za a yi da shi, na biya a banki, aka ce in jira a zo duba wuri. Jiran nan yana buƙatar haƙuri, kuma ya kamata mutum ya bar lambar da ake samunsa, ya riƙa leƙawa. Ranar da jami'in ya zo, na nuna masa bidiyon da na ɗauka a damina. Ya tsaya a kusurwar ƙasa ya tambaya, "Malam, in ruwan ya fito nan, ina zai shiga? Titin nan ba shi da lambatu tukuna." Na ce, "Yallaɓai, injiniya ya sa tanki da ramin shanye ruwa, ragowar kuma zai fita ta kan duwatsu." Ya ce a fito da wannan ɓangaren ƙarara a zane, da faɗi da zurfi, a dawo da shi. Na ji nauyin komawa baya, amma gyaran ya yi mana rana daga baya, don da zanen da ke ɗauke da hatimin hukuma muka riƙa kafa wa ɗan kwangila hujja.

Ofishin muhalli da ƙafata na je, ba wanda ya tura ni. Wani ya tsorata kwamiti cewa sai mun yi babban rahoton tantance tasirin aiki ga muhalli, wanda ake kashe maƙudan kuɗi a kansa. Na je hukumar kare muhalli ta jiha, wato GOSEPA, na yi tambaya. Bayanin da na samu shi ne, dokar tantance tasirin muhalli ta 1992 manyan ayyuka ta fi shafa, irin su madatsun ruwa da manyan tituna da masana'antu da manyan rukunin gidaje, ba ajujuwa shida ba. Sai dai ƙanƙantar aiki ba ta ɗauke wa mutum alhaki. Hukumar NESREA ta tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2011 kan harkar gine-gine da kuma kan zaizayar ƙasa da ambaliya, kuma ruhinsu shi ne mai gini ya hana ƙasa da ƙazanta barin wurin aikinsa. Jami'ar da ta saurare ni ba ta tsaya kan laka kawai ba. Ta tambaye ni inda za a riƙa wanke injin kwaɓa kankare da baro da shebur, da inda za a ajiye man dizal da baƙin mai, da inda leburori za su kewaya, da yadda za a yi da buhunan siminti da ledojin ruwa. Gaskiya waɗannan tambayoyin su suka buɗe mini ido cewa ruwan da ke fita daga wurin gini ba ƙasa kaɗai yake ɗauka ba. Ban biya komai ba a wannan zuwan, na fito da shafi guda cike da abubuwan da za mu sa a yarjejeniya.

Yarjejeniyar da ɗan kwangila ita ce gaɓar da nake roƙon kowa kada ya yi wasa da ita. Magana ta baki ba ta hana direban tifa juye yashi a bakin hanya. Mun rubuta cewa ba za a share filin duka a lokaci ɗaya ba, ba za a sare itatuwan dogon yaro biyu da ke gefe ba, aikin tare ruwa na wucin gadi shi ne farkon abin da za a yi kuma a biya shi daban, sannan za mu riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai damina ta wuce an ga yadda magudana ta yi. Ya yi gunaguni, ya ce shekara da shekaru yana gini ba a taɓa sa shi haƙa ramin laka ba. Shugaban kwamiti ya ce masa, "Alhaji, kuɗin jama'a ne, kuma jama'ar ne a ƙasan gangaren." Ya sa hannu.

Aka fara aiki a farkon 2024, daidai lokacin da siminti ya yi tashin gwauron zabo. A watan Fabrairu buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanoni aka yi maganar dawo da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Kwamiti ya yi zama mai zafi. Wasu suka ce a jingine maganar magudana sai an yi rufi, a sa kuɗin a bulo. Na fahimce su, don kuɗin karo-karo ne, har da na mata masu sayar da ƙosai. Abin da ya raba gardamar shi ne da muka baje lissafi aka ga aikin wucin gadi kusan ba ya cin siminti: buhunan da aka riga aka yi amfani da su, da yashin wurin, da turaku, da zana, da leda mai kauri, da duwatsu, da ladan leburori. Gaba ɗaya bai kai kuɗin buhun siminti talatin ba a farashin lokacin. Lambatun kankare na dindindin shi muka yarda a jinkirta zuwa lokacin rufi.

Ga yadda aka yi a ƙasa. Ba mu kawo katafila ba, da hannu aka share inda ajujuwa za su zauna da 'yar tazarar aiki kawai, sauran filin aka bar shi da ciyawarsa da kututturan dawa. Baƙar ƙasar sama aka kwashe aka tara gefe guda aka rufe, don ita za a mayar a shuka ciyawa. A gefen sama aka haƙa 'yar kwata mai faɗi marar zurfi, a gicciye, ta karɓi ruwan da ke gangarowa daga maƙwabta ta zagaya da shi gefen fili ba tare da ya taɓa inda aka tone ba. A cikin kwatar, bayan kowace 'yar tazara, aka jera duwatsu suka zama ƙaramin shinge, tsakiyarsa ya fi gefe ƙasa, don ruwa ya tsaya ya huce ya tsallake ta tsakiya. A gefen ƙasa aka kafa shingen tace laka. A manyan ayyuka wani yadi na musamman ake sa wa, mu zana muka yi amfani da ita aka lulluɓa mata buhu, turaku kusa-kusa. Sirrinsa a gindi yake: sai an tona rami kamar santimita 15 an binne bakin buhun an danne, in ba haka ba ruwa ta ƙasa zai wuce. Kuma a gicciye ake kafa shi, a kan layin da tsayin ƙasa ya yi daidai, a lanƙwasa ƙarshensa biyu su kalli sama, ba a miƙe shi ya bi gangare ba. A kusurwar da ruwa ke fita aka haƙa ramin tara laka, aka kewaye shi da ƙaya saboda yara. Ƙofar da tifa ke shiga aka zuba mata tsakuwa manya don taya ta kakkaɓe kafin ta hau hanya. Yashi da burji a cikin fili aka riƙa juye su, can gefen tudu, a kewaye da bulo, a rufe da tampol.

Maganar ruwan siminti ita ce leburori suka fi raina wa, ni kuma ita na fi tsananta wa. Ruwan da aka wanke injin kankare da shi yana da kaifi irin na ruwan toka, shi ne ke tsattsage hannun birkila, yana ƙone shuka, in ya bushe a lambatu kuma ya daskare ya toshe shi. Mun haƙa rami daban nesa da hanyar ruwa, aka shimfiɗa leda mai kauri, nan kaɗai ake wanke baro da shebur da inji. In ruwan ya ƙafe sai a fasa abin da ya daskare a zuba a cikon ɗaki. Jarkokin dizal da baƙin mai a kan dakali suke a ƙarƙashin rumfa, da tire cike da yashi a ƙarƙashin janareta. Maganin gara da ake fesawa a fandisho mun hana a fesa shi in hadari ya haɗu. Masai na wucin gadi aka yi wa ma'aikata a can gefen sama, fiye da mita 30 daga rijiyar dattijuwar nan. Buhunan siminti mai gadi ke tarawa a ɗaure, ledojin ruwa a buhu guda. Sai da na yi ta maimaitawa, wani lokaci da faɗa, kafin abin ya zama musu jiki.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo muna matakin linta. Da asuba na tafi wurin gabana na faɗuwa. Kwatar sama ta yi aikinta, shingen zana ya tsaya sai wuri ɗaya da turke ya kwanta, ramin laka kuwa ya cika kusan rabi a dare ɗaya. Da na ga yawan jar ƙasar da ke cikinsa na tuna cewa duk wannan tsakar gidajen mutane za ta shiga. Ƙa'idar da injiniya ya ba mu ita ce a zagaya bayan kowane ruwa, a kwashe laka da zarar ta kai rabin rami ko rabin tsayin shinge, a mayar da ita can sama inda ba za ta dawo ba. Wannan kwasar ita ce kuɗin da ba mu sa a lissafi da yawa ba, don a Yuli da Agusta kusan kullum sai an sa lebura biyu.

Babbar matsalar daga sama ta zo mana. Wani mai fili da ke tudu da mu ya kawo katafila a tsakiyar damina ya kankare filinsa tas, ya tura ƙasar bakin iyaka. Ruwa biyu kawai aka yi kwatarmu ta cike da yashinsa, ruwa ya tsallako ya ci gefen fandisho ɗaya, ya kwantar da shingen ƙasa, laka ta fita layi. Ɗan dattijuwar ya kira ni cikin dare. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na bi hanyar da muka shimfiɗa. Da safe muka kwashe lakar da ta shiga layi da kuɗinmu, na ɗauki hotuna, na kai wa Jauro. Aka kira mutumin, ya ce ruwa na Allah ne, ba shi ya saukar ba. Jauro ya ce masa, "Ruwa na Allah ne, Malam, amma ƙasar da ya ɗauko taka ce." Da ya ƙi motsi sai na rubuta takardar koke zuwa hukumar da ta ba mu izini, na haɗa da hotunan kafin da bayan sharewar da kwafin zanenmu mai hatimi. Da aka zo aka duba, ya jera buhunan yashi a iyakarsa ya janye tulin ƙasar. Inda ba ni da hotunan 2023 da takardar da aka sa wa hannu a gaban Jauro, da maganar ta zama cacar baki tsakanin maƙwabta.

Bayan rufi aka shiga aikin dindindin. Aka sa indararo a duk bakin kwano, bututu ya sauko da ruwan zuwa tankin ƙasa da muka gina, wanda yanzu da shi ake alwala da wanke allo da ban ruwan itatuwa. In tankin ya cika, rarar na shiga ramin shanye ruwa da aka cika da duwatsu, mita biyar daga gini don kada ya jiƙa fandisho. Tsakar makaranta ba mu daɓe ta da siminti ba duk da wasu sun so, aka mayar da baƙar ƙasar nan aka dasa kiri-kiri, hanyar tafiya kaɗai aka shimfiɗa wa bulo mai barin ruwa ya shige. Kwatar sama aka gina ta da dutse da siminti mataki-mataki don rage gudu. A bakin fita, inda na fi jin tsoro, aka faɗaɗa lambatun aka shimfiɗa manyan duwatsu a kan tsakuwa, ruwa ya bazu ya rasa ƙarfi kafin ya taɓa ƙasar layi. A bayan duwatsun da gefen katanga muka dasa jema layi biyu kusa-kusa. Saiwarta na nitsewa mita biyu zuwa uku, in ta haɗe tana tace laka da kanta, sai dai tana son ban ruwa da tsaro daga awaki a watannin farko. Itatuwa kuma mun samo dashe lokacin rabon shirin dashen itatuwa na 3G da Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar a 2019.

In za a tambaye ni tsarin da ya fi sauƙi, cewa zan yi a ba wa abin damina guda ta kallo kafin a fara, a yi zaman maƙwabta, sannan takardun fili da awon gangare, sannan zane, sannan izini, kuma a nemi izinin tun kaka don a sami rani cikakke na aiki. Wanda ya fara neman takarda a Maris zai tarar da kansa da buɗaɗɗen fandisho a Yuli. A riƙa sauraron hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara, yana taimakawa wajen sanin lokacin da za a rufe abin da aka tone. Kada a yarda da maganar cewa katanga za ta tare ruwa. Katangar bulo da ba a bar mata ƙofofin ruwa ba faɗuwa take yi, in kuma ta tsaya to maƙwabci ta tura wa. Mai ƙaramin gida ma da ba zai iya ɗaukar injiniya ba zai iya rufe yashinsa, ya haƙa ramin wanke baro, ya jera buhuna a gefen ƙasa, ya zuba duwatsu a bakin kwatarsa.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne layin kansa, wanda har yau ba shi da lambatu. Mun haɗa sa hannun masu gidaje mun rubuta wa ƙaramar hukumar Akko da ma'aikatar muhalli ta jiha muna neman magudana da kwalbati a mahaɗar hanya. Kafin a samu, kwamiti ya sa kuɗin yashe kwata da ramin shanye ruwa a kasafin makaranta na kowace shekara, ana yi a Afrilu kafin ruwan farko, a sake a tsakiyar Agusta, manyan ɗalibai kuma ke datse jemar in ta yi tsawo.